An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Gardamar Yashi a Kejin Ƙadangare Mai Gemu

Idan ka shiga shagon sayar da dabbobin gida a Amurka ko Ingila ko Jamus, ka nufi ɓangaren dabbobi masu jan ciki, da wuya ka rasa buhunan yashi a jere. Wani fari, wani ja, wani ma an rina shi shuɗi. A jikin buhun za ka ga hoton wani ƙadangare mai faffaɗan kai, ƙayoyi sun kewaye maƙogwaronsa kamar gemu, ya ɗare kan tudun rairayi. Mai shago zai ce maka ai dabbar hamada ce, yashi take so, zuba mata kawai.

Ka koma gida ka buɗe intanet, sai ka tarar da wata runduna tana rantsuwa cewa yashi kisa ne. Za su nuna maka hoton eksire na cikin wani ƙadangare da hanjinsa ya cushe da rairayi kamar an ɗura siminti, su ce duk wanda ya shimfiɗa wani abu ban da tayil ko takarda to mugu ne.

Sabon mai kiwo ya shiga halin ƙadangaren bakin tulu ke nan. Ya zuba yashi a ce ya kashe dabba, ya ƙi zubawa a ce ya tauye ta.

A wannan rubutu za mu duba shawarwarin biyu, kuma tun daga farko gara mu faɗi matsayarmu: dukansu sun ɗora wa shimfiɗar keji nauyin da ba nata kaɗai ba. Yashi yana toshe hanji, wannan gaskiya ne. Amma a mafi yawan lokuta sai sanyi da rashin hasken da ya dace da ƙishirwa sun fara raunana hanjin kafin yashin ya samu wurin zama. Wanda ya kwashe yashi ya bar waɗannan ukun, jaki ya bari yake dukan taiki.

Wane ne wannan ƙadangaren?

Sunansa na kimiyya Pogona vitticeps. Masanin dabbobi Bajamushe Ernst Ahl ne ya fara bayyana shi a 1926. Asalinsa tsakiyar Ostireliya ne da yankunan cikin ƙasa na gabashinta, wuraren da ruwan sama ya yi ƙaranci a jihohin Queensland, New South Wales, Ostireliya ta Kudu da Yankin Arewa. Babba yakan kai kusan santimita 60 daga baki zuwa ƙarshen wutsiya, kuma idan ya samu kulawa yakan rayu shekara 10 zuwa 15. Tun shekarun 1960 Ostireliya ta hana fitar da namun dajinta zuwa kasuwannin waje, don haka waɗanda ake sayarwa a Turai da Amurka a yau haihuwar keji ne, kaka da kakanni.

Mai karatu ya san ɗan'uwansa sarai. Ƙadangaren da ke hawa katangar gidajenmu, wanda namijinsa muke kira jan gwada, dangi ɗaya suke, dangin da masana ke kira Agamidae. Ka lura da abin da namu yake yi da safe: yakan fito ya lafe a inda rana ta fara bugawa, ya ɗauki lokaci bai motsa ba, sai jikinsa ya ɗumama sannan ya fara farautar ƙwari. Da rana ta take kuma ya koma inuwa. Ba lalaci ba ne. Ƙadangare ba ya samar da zafin jikinsa daga ciki yadda mu da akuya da kaza muke yi. Daga waje yake aro zafi, kuma duk ayyukan jikinsa, har da narkar da abinci, da wannan zafin aro suke tafiya. Ka riƙe wannan, domin a kansa duk gardamar ta rataya.

Kuma dabbar da ake magana a kanta ba ƙawar falo ba ce kawai. A 2015 Anna Kis da Ludwig Huber da Anna Wilkinson sun wallafa binciken da ya nuna ƙadangare mai gemu yana iya koyon buɗe ƙofar waya ta hanyar kallon wani ɗan'uwansa yana buɗewa. A 2016 kuma masu bincike a cibiyar Max Planck da ke Frankfurt, ƙarƙashin Gilles Laurent, sun ruwaito a mujallar Science cewa barcinsa yana da matakai biyu masu kama da na dabbobi masu shayarwa da tsuntsaye. Halittar da ke koyo da kallo ta cancanci a yi tunani kafin a kulle ta shekara goma a akwati.

Laifin masu sayarwa

Bari mu fara da ɓangaren kasuwa, domin nasu laifin ya fi fitowa fili.

Kalmar "hamada" da suke talla da ita tana sa mutum ya hango tuddan rairayi irin na Sahara, inda ƙafa ke nutsewa. Mazaunin wannan ƙadangaren ba haka yake ba. Daji ne mai ƙananan bishiyoyi da ciyayi da busassun ganyaye da kututture, ƙasarsa ja ce, kuma a wurare da yawa samanta ya daskare ya yi ɓawo. Shi kansa ƙadangaren yana yawan hawa kututture da rassa da turakun shinge, ba kullum yake kwance a ƙasa ba.

Mafi muni a cikin buhunan nan shi ne wanda ake kira yashin kalsiyam. Ba yashi ba ne ma. Niƙaƙƙen sinadarin nan ne da ke cikin dutsen farar ƙasa da ɓawon ƙwai, wato kalsiyam kabonet. Tallarsa tana da daɗin ji: wai ko dabba ta haɗiye shi narkewa zai yi, har ma ya ƙara mata kalsiyam. To amma wannan sinadarin shi ne a cikin yawancin ƙwayoyin maganin ƙwannafi, kuma aikinsa kashe kaifin asid ɗin ciki. Ƙadangaren da ke lasarsa kullum yana rage ƙarfin ruwan da ya kamata ya narkar masa da abinci. Sannan idan ya jiƙe yakan dunƙule. Ga kuma matsala ta uku: dabbar da jikinta ke neman kalsiyam tana iya cinsa da gangan, ba tare da ma'auni ba. Ƙungiyar kare dabbobi ta RSPCA a Birtaniya tana cikin masu gargaɗi a kansa.

Sai niƙaƙƙen ɓawon walnat, wanda shi ma ake sa wa hoton hamada a buhu. Gutsattsarinsa suna da kaifi, ba sa narkewa, kuma suna iya yanka bangon hanji. Sai dusar katako, musamman ta itacen sida da fain, masu fitar da mai mai ƙamshi da ke cutar da huhun dabbobi masu jan ciki. Sai ƙananan tsakuwa da ɓawon itace, waɗanda girmansu ya isa a haɗiye amma bai isa ya wuce cikin sauƙi ba. Sai kafet ɗin da ake yi musamman don keji, wanda ake ɗauka shi ne mafita: zarensa yana kama farce, kuma yana shanye kashi da fitsari ta yadda wanki ba ya fitar da su duka.

Amma babban laifin kasuwa ba a buhun yashi yake ba. Yana cikin ƙunshin da ake sayar wa sabon mai kiwo a ce masa komai ya kammala: ƙaramin akwatin gilashi, ƙwan fitila ɗaya ko biyu, ma'aunin zafi na roba mai allura da ake mannawa a bango, wani lokaci da jan ƙwan fitila wai na dare. An daɗe a Amurka ana cewa akwati mai galan 40 ya ishi babba. Tsawonsa kusan santimita 91 ne, faɗinsa 46. Dabba mai tsawon santimita 55 ko juyawa ba za ta yi a ciki ba sai wutsiyarta ta goga gilashi. Mafi muhimmanci, a wuri ƙarami haka da wuya a samu ɓangare mai zafi sosai da ɓangare mai sanyi sosai a lokaci guda. Araha dai ba ta ado.

Laifin masu cewa yashi kisa ne

Waɗannan niyyarsu mai kyau ce, kuma hotunan da suke nunawa ba na ƙarya ba ne. Inda suka kauce shi ne wajen fassara. Sun ga yashi a hanjin dabbar da ta mutu, sai suka yanke cewa yashin ne farkon labari. Bari mu bi hanyar da abinci ke bi mu ga ko haka ne.

Na farko, zafi. Sinadaran da ke narkar da abinci a ciki, da tsokar da ke murɗa hanji tana tura abin da ke cikinsa gaba, duk suna rage gudu idan jiki ya yi sanyi. Ƙadangare mai gemu yana neman jikinsa ya kai wajen digiri 35 na ma'aunin Salshiyas. Don ya samu haka, RSPCA ta ba da shawarar wurin shan zafi ya kasance tsakanin digiri 38 zuwa 42, ɗaya ƙarshen kejin kuma 22 zuwa 26. Idan wurin shan zafin bai wuce 30 ba, abinci zai daɗe a hanji, hanji ya ci gaba da tsotse ruwan da ke cikinsa, abin da ya rage ya bushe ya taurare. A irin wannan hanji ko ɓawon tsutsa da ƙafafun gyare suna iya tsayawa, balle yashi.

Na biyu, haske. Hasken rana yana ɗauke da wani ɓangare da ido ba ya gani, ana kiransa UVB. Idan ya bugi fata, sai fatar ta sarrafa bitamin D3, shi kuma D3 shi ke ba hanji damar ɗaukar kalsiyam daga abinci. Gilashin taga yana tare wannan hasken, don haka ajiye keji kusa da taga ba ya wadatarwa. Ƙari a kan haka, ƙwarin da aka fi ciyar da su, irin su gyare da tsutsa, fosforas ɗinsu ya fi kalsiyam yawa, alhali dabbar tana buƙatar kalsiyam ya kusa ninka fosforas. Idan kalsiyam ya yi ƙasa a jini, jiki sai ya fara kwasowa daga ƙashi: muƙamuƙi ya yi laushi, ƙafafu su lanƙwashe, gaɓoɓi su riƙa rawa. Abin da ake yawan mantawa shi ne tsoka ma da kalsiyam take murɗawa, har da tsokar hanji. Dabbar da ke da ƙarancinsa hanjinta ba shi da ƙarfin turawa. Likitocin dabbobi da dama kuma suna ganin irin wannan dabbar ce ke komawa cin ƙasa da gangan, kamar yadda muka san ƙarancin jini yana da alaƙa da kwaɗayin cin ƙasa a wasu masu juna biyu. Ka ga ke nan rashin haske shi ya aike ta ga yashin, shi ne kuma ya hana yashin fita.

Na uku, ruwa. Yawancin ruwan da wannan ƙadangaren ke samu daga ɗanyen ganye da ƙwari yake zuwa. Wanda ake ba busasshen abinci, a ƙarƙashin fitila mai zafi, babu kwanon ruwa, dole kashinsa ya taurare. Na huɗu kuma tsutsar ciki da sauran ƙwayoyin cutar hanji, waɗanda ke kumbura hanji su hana shi aiki.

Littattafan likitancin dabbobi sun daɗe da haɗa waɗannan abubuwa. A 2008 likitan dabbobi Kevin Wright ya rubuta maƙala a kan cututtuka biyu da suka fi addabar ƙadangare mai gemu a keji, kuma biyun da ya zaɓa su ne ciwon ƙashi na ƙarancin kalsiyam da taurin kashi. A 2017 masu bincike a jami'ar likitancin dabbobi ta birnin Viyana sun bi bayanan irin waɗannan ƙadangaru 529 da aka kawo asibiti, suka tarar cututtukan ciki da hanji su ne kan gaba, tsutsar ciki na cikin manyansu.

Akwai kuma kuskuren lissafi a hujjar hoton eksire. Asibiti marasa lafiya yake gani. Ƙadangaren da ya shekara goma a kan ƙasa lafiya lau babu wanda ya kai shi a ɗauki hoton cikinsa. Idan ka tsaya a ƙofar asibitin ƙashi kana ƙirga waɗanda suka karye a kan babur, za ka rantse duk wanda ya hau babur sai ya karye. Hoton yana tabbatar da cewa haɗarin yana nan. Ba ya faɗa maka me ya haddasa shi.

Illar wannan shawara ita ce tana sa mai kiwo ya saki jiki. Ya kwashe yashi, ya shimfiɗa tayil, ya ce ya gama aikinsa. Fitilar UVB ɗinsa kuwa ta shekara biyu, tana haske amma ta daina fitar da abin da ake buƙata. Dabbar ba za ta mutu da yashi a ciki ba, gaskiya ne. Za ta mutu da laushin ƙashi a kan tayil mai tsabta.

Abin da tayil ke hana shi

Tayil yana da amfaninsa. Yana da sauƙin gogewa, yana riƙe zafi, mai kaushi yana rage tsawon farce. Takarda ma haka: a kanta za ka ga launin kashi da yanayinsa nan take. Ga jariri, ko mara lafiya, ko sabon da aka kawo ake killace da shi, takarda ita ce zaɓin da ya dace, kuma ba mu da ja a kan wannan.

Jayayyarmu tana kan mayar da shimfiɗar asibiti ta zama gidan dindindin. Wannan dabba mai tono ce. A daji tana shiga rami don gudun zafin rana da sanyin dare, kuma idan hunturu ya zo takan lafe a ɓoye na makonni, ta rage ci da motsi. A cikin rami iska ta fi ta waje laima, abin da ke rage asarar ruwan jiki. Wanda aka sa a kan tayil za ka gan shi yana ta kartar kusurwa da farce, yana neman abin da babu.

Ga mace kuwa maganar ta wuce jin daɗi. Mace tana iya yin ƙwai ko ba ta taɓa haɗuwa da namiji ba, kamar kaza, kuma a zubi ɗaya takan yi wajen 20. Sai ta tona rami take zubawa. Idan ta rasa inda za ta tona tana iya riƙe ƙwan a ciki, kuma riƙewar ƙwai na iya kaiwa ga tiyata ko mutuwa. Wanda ya zaɓi tayil, aƙalla ya ajiye akwatin tono mai zurfi cike da ƙasa mai ɗan danshi. Shawarar da ta ce a kwashe duk wani abu mai warwatsuwa, ba ta ambaci wannan ba, ta kauce wa haɗari ɗaya ta faɗa wani.

Su ma masu cewa a bi ɗabi'a ba su tsira ba

A 'yan shekarun nan wani ɓangare na uku ya taso, masu cewa a kwaikwayi daji. Hujjarsu ta fi ta sauran ƙarfi, kuma suna yawan kafa ta da aikin likitan dabbobi ɗan Ostireliya Jonathon Howard, wanda ya bi waɗannan ƙadangaru a mazauninsu yana auna zafi da haske. Samfurin ƙasar da ya kai ɗakin gwaji ya nuna kusan kashi 96 cikin 100 yashi ne mai laushi, sauran kuma ɗan yumɓu da makamantansa. Wannan ya rushe iƙirarin da wasu masu adawa da yashi ke yi cewa dabbar ba ta taɓa taka yashi a daji ba.

Amma a yi hattara da yadda ake amfani da wannan adadi. Samfurin wuri guda ba zai wakilci mazaunin da ya ratsa jihohi da dama ba. Kuma ɗan yumɓun nan da ake rainawa, tare da saiwoyin ciyawa da ruwan sama da rana, shi ke ɗaure ƙasar har a tona rami bai rufta ba. Duk wanda ya taɓa ganin ana kwaɓa ƙasar gini ya san bambancin yashi zalla da yashin da aka haɗa da jar ƙasa. Busasshen rairayin buhu da aka zazzaga a akwati sinadarinsa yana iya zama ɗaya da na daji, halinsa kuwa daban.

Sannan keji ba daji ba ne. A daji dabba ta yi kashi ta wuce, rana ta ƙone shi, ruwa ya wanke. A keji mai tsawon santimita 120 da faɗin 60, duk duniyarta ba ta kai murabba'in mita ɗaya ba. Tsutsar ciki da ƙwayar cutar koksidiya da ke damun wannan ƙadangaren ba sa buƙatar wata dabba a tsakani: daga kashi zuwa baki suke komawa. Shi kuwa da harshe yake binciken duniya, komai sai ya lasa. Ƙasar da ba a tsaftacewa ta zama gonar cuta.

Cutar ba ta tsaya a kan dabba ba. Ƙadangaru suna ɗauke da ƙwayar salmonela a hanjinsu ko suna cikin ƙoshin lafiya. Hukumar CDC ta Amurka ta bi diddigin wata ɓarkewa tsakanin 2012 da 2014 da ta kama mutum 166 a jihohi 36, aka danganta ta da ƙadangare mai gemu, kuma yara ƙanana suna da yawa a cikinsu. Shi ya sa hukumar ba ta goyon bayan ajiye irin waɗannan dabbobi a gidan da ke da yaro ɗan ƙasa da shekara 5. Hotunan kyawawan keji masu ciyayi da duwatsu da ake yaɗawa ba kasafai suke zuwa da wannan gargaɗi ba.

To yaya ya kamata a tsara?

Jerin da za mu bayar yana da ma'ana a yadda yake. Shimfiɗa ita ce ta ƙarshe.

Fara da girma. Ga babba ɗaya, mafi ƙaranci shi ne tsawon santimita 120, faɗi 60, tsayi 60, da ramukan shigar iska. Ɗaya muka ce, domin ba dabbar zaman taro ba ce. Idan aka haɗa biyu, mai ƙarfi yakan mamaye wurin zafi da abinci.

Sai zafi. Fitilar zafi a ƙarshe ɗaya, tana haska faffaɗan dutse ko kututture, a haɗa ta da na'urar da ke rage wuta idan zafi ya wuce kima. A auna da ma'auni na lantarki a daidai inda dabbar ke kwanciya, a kuma auna ɗaya ƙarshen. A guji dutsen roba mai ɗumama da lantarki, yana ƙona ciki. Da dare a kashe duk fitilu, har da ja.

Sai UVB. A 2010 Gary Ferguson da abokan aikinsa sun raba dabbobi masu jan ciki gida huɗu bisa yawan ranar da suke sha a daji, a 2016 kuma Frances Baines da abokan aikinta suka faɗaɗa wannan ya zama jagora ga gidajen namun daji. Ƙadangare mai gemu yana cikin masu shan rana sosai. Doguwar fitila irin ta T5 ita ta fi dacewa, a ɗaura ta a ɓangaren zafi ta rufe kamar rabin tsawon keji, yadda dabbar za ta samu zafi da haske tare, ta kuma samu inuwar gudu. Kada gilashi ya shiga tsakani. A bi nisan da kamfanin ya rubuta, a canza ta bayan wata 6 zuwa 12 gwargwadon irinta, ko da tana haske. A kunna kamar awa 12 a yini.

Sai ruwa da abinci: kwanon ruwa mara zurfi a ɓangaren sanyi, ɗanyen ganye, ƙwarin da aka barbaɗa wa garin kalsiyam. Laimar iska ta tsaya wajen kashi 30 zuwa 40 cikin 100. A sa maɓoya biyu, ɗaya a kowane ƙarshe, da reshen hawa.

Sabon zuwa ya fara zama a kan takarda na wasu makonni, a kai kashinsa a gwada a wurin likitan dabbobi. Idan yana ci, yana kashi a kai a kai, ma'aunai kuma sun nuna daidai, to a nan ne za a yi maganar ƙasa. A haɗa ƙasar lambu wadda ba a sa wa taki ko maganin ƙwari ba da wankakken yashi irin na wasan yara, kusan rabi da rabi, a ƙara ɗan yumɓu. Ban da yashin gini, yana da kaifi da ƙura. A yayyafa ruwa, a danne kamar ana daɓe, a bari ya bushe sarai kafin a saka dabbar. Zurfin ya kai santimita 10 zuwa 15 ko fiye. Abinci a kwano ko a kan faffaɗan dutse. A kwashe kashi kullum tare da ƙasar da ke kewaye da shi, a wanke hannu da sabulu, kuma kada a wanke kayan keji a inda ake wanke kwanukan abinci.

Idan dabba ta daina kashi, cikinta ya kumbura, ko ta fara jan ƙafafun baya, wannan aikin likita ne a ranar, ba na neman shawara a intanet ba.

A taƙaice

A 2013 masani Kevin Arbuckle ya yi rubutu a kan wata ɗabi'a da ta yi katutu a kiwon dabbobi masu jan ciki, wadda za mu iya kira kiwon haka-muka-tarar: a riƙe wata ƙa'ida don kowa yana maimaita ta, ba don an gwada ba. "Dabbar hamada yashi take so" irin wannan ce. "Yashi kisa ne" ita ma irin wannan ce. Dukansu suna yaɗuwa saboda gajeru ne, kuma suna ba mutum abu ɗaya da zai saya ko ya zubar ya samu kwanciyar hankali.

Don haka idan wani ya tambaye ka wace shimfiɗa ce ba ta da haɗari, kafin ka amsa ka tambaye shi abu uku: digiri nawa ne a kan dutsen da dabbar ke kwanciya, yaushe ya canza fitilar UVB, kuma yaushe aka gwada kashinta. Idan ya iya amsawa, zai iya zuba ƙasa. Idan ya yi shiru, ya bar ta a kan takarda tukuna, ya je ya sayo ma'aunin zafi.